Daga Ina Kiɗan Hip Hop Ya Fito?

Akwai wani kiɗa da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba. Muna jinsa daga ɗakin samari, muna jinsa daga wayar da ke aljihun 'yan makaranta, muna jinsa a tasha da wurin biki. Ganga tana bugawa da nauyi, wani mutum kuwa yana zuba magana a kanta da sauri kamar mai kirari. Yara suna ce da shi hip hop ko rap, gidajen rediyon Hausa kuwa sukan ce gambarar zamani.

Mu iyaye da malamai, abin da muka fi yi shi ne mu daka tsawa mu ce a kashe. Yaron yakan kashe, amma da mun ba da baya sai ya toshe kunnuwansa da waya ya ci gaba da ji. Da haka sai ya zama shi yana ji kullum, mu kuwa ba mu san abin da ake faɗa masa ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Domin wannan, bari mu tafi can inda aka haifi abin, mu ga waɗanda suka fara shi, da abin da ya sa, da yadda ya zama abin da yake a yau.

Unguwar da ta ƙone

Birnin New York na ƙasar Amurka kashi biyar ne, ɗaya daga cikinsu sunansa Bronx. A shekara ta 1948 hukuma ta fara gina wata babbar hanyar mota wadda ta ratsa tsakiyar Bronx. Aka rushe gidaje, aka tashi dubban iyalai. Masana'antu suka yi ta rufewa, waɗanda ke da hali suka ƙaura zuwa bayan gari. Waɗanda suka ragu a kudancin Bronx yawancinsu talakawa ne: baƙaƙen Amurka, da mutanen Puerto Rico, da baƙi daga tsibiran Karibiyan.

Masu gidajen haya suka ga ba sa samun riba, sai suka daina gyara. Waɗansu ma suka riƙa biyan 'yan iska su sa wa gidajen wuta domin su karɓi kuɗin inshora. A daidai lokacin nan hukumar birni ta rufe waɗansu tashoshin 'yan kwana-kwana. A 1975 birnin ya kusa tsiyacewa sarai, aka sallami dubban malamai da sauran ma'aikata, darasin kiɗa da na zane suka ɓace daga makarantu da yawa. Sa'ad da Shugaba Jimmy Carter ya ziyarci kudancin Bronx a watan Oktoba na 1977, ya tarar da kangaye da tarkace kamar inda aka yi yaƙi.

Inda babu aiki, babu wurin wasa, to, ƙungiyoyin daba ne ke renon samari. Kowace ƙungiya tana da titunanta, wanda ya ƙetare iyaka ya sha duka ko wuƙa. A watan Disamba na 1971 aka kashe wani saurayi mai suna Cornell Benjamin, ɗan ƙungiyar Ghetto Brothers, sa'ad da ya tafi rabon faɗa. Kowa ya zaci za a yi ramuwa. Maimakon haka, shugabannin ƙungiyoyin suka taru a wani zaure a titin Hoe, suka yi sulhu. Sulhun bai kawar da faɗa duka ba, amma ya sa yaro ya iya fita daga unguwarsu ya tafi biki a wata. Wannan ya share hanya ga abin da ya biyo baya.

Bikin neman kuɗin tufafi

Ran 11 ga Agusta, 1973, wata budurwa mai suna Cindy Campbell ta shirya ɗan biki a zauren taro na benen da suke haya, lamba 1520 a titin Sedgwick. Hutu ya kusa ƙarewa, tana neman kuɗin da za ta sayi tufafin komawa makaranta. Ta rubuta katunan gayyata da hannu. Kuɗin shiga senti 25 ga 'yan mata, senti 50 ga samari. Da yake ba ta da kuɗin ɗauko makaɗa, sai ta sa wanta Clive ya sa musu faifai.

An haifi Clive a Kingston ta Jamaika a 1955, ya zo Bronx a 1967. Saboda girman jikinsa abokansa suka laƙaba masa Hercules, daga nan ya zama Kool Herc. A Jamaika ya ga yadda akan kafa manyan lasifikoki a fili, mai sa faifai yana magana a makirfo yana zuga masu rawa. Ya zo da wannan al'ada, ya haɗa ta da faifayen baƙaƙen Amurka irin na James Brown. Yau ana lissafin ranar wannan biki a matsayin ranar haihuwar hip hop. Gaskiya ne abu irin wannan ba mutum ɗaya ke haifarsa a dare ɗaya ba, amma daga wannan zaure ne wutar ta kama. Ba da daɗewa ba zauren ya kāsa ɗaukar jama'a, sai aka koma filayen wasa, ana jawo lantarki daga gindin fitilun titi.

Waɗanda suka tashi cikin abin sukan ce hip hop al'ada ce mai ginshiƙai huɗu. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Na ɗaya: mai sa faifai

Shi ake kira DJ, shi ne kuwa tushen sauran. Herc ya lura da wani abu. A cikin waƙoƙi da yawa akwai ɗan wuri inda mawaƙi yakan yi shiru, sauran kayan kiɗa su tsaya, a bar ganga ita kaɗai. Nan ne masu rawa suka fi zabura, amma wurin ba ya daɗewa, 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Sai Herc ya sayi faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora su a kan garmaho biyu. Idan wurin gangar ya ƙare a na farko, sai ya saki na biyu, kafin shi ma ya ƙare ya mayar da allurar na farkon baya. Da haka gangar daƙiƙa kaɗan ta zama ta minti biyar ko fi.

Wani saurayi, Joseph Saddler, wanda aka haifa a tsibirin Barbados, aka kuma san shi da Grandmaster Flash, ya koyi aikin lantarki a makarantar sana'a. Shi ya gyara wannan dabara. Yana sauraron faifai na biyu a kunnensa tun kafin jama'a su ji, yana sa alama a kan faifan, yana juya shi baya da yatsa, har ya zama ba a jin inda aka yi haɗin. Wani yaro kuma, Grand Wizzard Theodore, ya ba da labari cewa wata rana uwarsa ta shigo tana yi masa faɗa saboda ƙara, sai ya dafe faifan da hannu domin ya saurare ta. Faifan ya yi gaba ya yi baya a ƙarƙashin allura, ya ba da wani sauti kamar ƙarce. Wannan sautin ya zama ɗaya daga alamun kiɗan har wa yau.

Mu lura da wannan. Yaran nan ba su da ƙaho, ba su da molo, ba su da malamin kiɗa. Garmahon da ke ɗakin iyayensu suka mayar abin kiɗa.

Na biyu: mai rawa

Waɗanda ke jiran wurin gangar nan domin su shiga fili, Herc ya sa musu suna b-boy da b-girl, rawar kuwa ana ce da ita breaking. Jama'a sukan yi da'ira, mai rawa ya shiga tsakiya. Yakan fara a tsaye yana taka ƙafa, sa'an nan ya sauka ƙasa yana dafe da hannu ƙafafunsa suna zagaya shi, sa'an nan ya yi juyi a kan baya ko a kan kai, daga ƙarshe ya daskare wuri ɗaya kamar gunki. Sun ɗauko waɗansu motsin daga James Brown, waɗansu daga finafinan faɗa na Hong Kong. In ƙasa ta yi kaushi, sai a shimfiɗa kwali.

Baƙaƙen yara ne suka fara, 'yan Puerto Rico suka karɓa suka ƙara mata wuya. Ƙungiyar Rock Steady Crew, wadda aka kafa a 1977, ita ta fi kai ta duniya. Rawar gasa ce: ƙungiya da ƙungiya su fuskanci juna, kowa ya nuna gwanintarsa, 'yan kallo su yanke hukunci, ba kuwa a taɓa jikin abokin karawa. Ba kullum aka rabu lafiya ba, amma yara da yawa sun sami hanyar yin suna wadda ba ta wuƙa ba ce. A 2024 aka sa wannan rawa cikin wasannin Olamfik a Paris. Wata 'yar Japan, Ami Yuasa, ta ci zinariya a ɓangaren mata, wani ɗan Kanada, Philip Kim, ya ci a na maza.

Na uku: mai magana

Shi ake kira MC. Da fari aikinsa kamar na sanƙira ne a wurin makaɗan ƙasarmu. Yana riƙe da makirfo, yana yabon mai sa faifai, yana ambaton sunayen abokai, yana zuga jama'a su amsa, yana sanar da cewa uwar wane tana nemansa a ƙofa. Abokin Herc, Coke La Rock, yana cikin na farko. A hankali 'yan gajerun maganganun suka zama baitoci masu amsa-amo, suka yi tsawo, suka shiga cikin bugun ganga daidai. Wannan shi ne rap. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Furious Five da Cold Crush Brothers, suna karɓa-karɓa, suna gasa da juna. Da mata a ciki tun farko, kamar Sha-Rock. Sunan hip hop kansa, an ce ya fito ne daga bakin Keith Cowboy na Furious Five, sa'ad da yake tsokanar abokinsa da ya shiga soja, yana kwaikwayon takun fareti. Waɗansu kuwa sun ce Lovebug Starski ne ya fara faɗarsa.

Wannan gwanintar baki ba daga sama ta faɗo ba. Baƙaƙen Amurka suna da tsohuwar al'adar ba'a da zambo tsakanin samari, wadda akan gwada wanda ya fi kaifin harshe. Suna da cika baki irin na ɗan dambe Muhammad Ali. Suna da marubuta masu karanta waƙa a kan ganga, irin su Last Poets da Gil Scott-Heron. Suna kuma da salon masu wa'azin ikilisiyoyinsu, inda mai wa'azi yakan ɗaga murya bisa ga wani taki, jama'a suna amsawa. Mu ma da muka san kirarin 'yan dambe da habaicin 'yan gambara, abin ba zai zama mana baƙo ƙwarai ba. Amma kada mu yi saurin cewa daga gare mu ya fito, gama kama da wane ba wane ba ne.

Na huɗu: mai zane a bango

Wannan ya girmi bikin Cindy. Tun a ƙarshen shekarun 1960 wani yaro a birnin Philadelphia yana rubuta laƙabinsa, Cornbread, a bangaye. A watan Yuli na 1971 jaridar New York Times ta buga labarin wani ɗan aike, ɗan asalin Girka, wanda ke rubuta TAKI 183 duk inda ya bi, watau laƙabinsa da lambar titinsu. Nan da nan dubban yara suka bi sahu. Daga rubutun alƙalami aka koma fentin feshi, haruffa suka yi girma, suka yi launi, suka sarƙe da juna, har akan zane taragon jirgin ƙasa daga kai har gindi a dare ɗaya. Yaron da ba wanda ya san da zamansa, sai ga sunansa yana ratsa birni duka.

Dole mu faɗi gaskiya: wannan ɓarna ce ga kayan jama'a, yawancin fentin ma na sata ne, waɗansu yara kuma sun ji rauni ko sun mutu a wuraren ajiye jiragen. Hukuma ta yaƙi abin shekara da shekaru, har a 1989 ta sanar cewa ba sauran jirgi mai zane da ke aiki. Ba dukan masu zanen ba ne kuma suka yarda su 'yan hip hop ne. Finafinai irin su Wild Style da Beat Street ne suka nuna wa duniya abubuwan huɗu a haɗe.

Akwai waɗanda ke ƙara ginshiƙi na biyar, watau sani: mutum ya san kansa da tarihin mutanensa. Wanda ya fi yaɗa wannan shi ne Afrika Bambaataa, tsohon jigon ƙungiyar daba ta Black Spades, wanda ya kafa ƙungiyar Zulu Nation domin jawo samari daga faɗa zuwa kiɗa. Amma a 2016 waɗansu maza suka zarge shi da yin lalata da su tun suna yara. Ya musanta, ya kuma bar shugabancin ƙungiyar. Wannan gargaɗi ne gare mu: kyakkyawan suna ba ya isa mu danƙa wa mutum yaranmu mu juya baya.

Sa'ad da kasuwa ta shigo

Shekara shida ana wannan abu ba a buga shi a faifai domin kasuwa ba, sai kaset da ke yawo hannu da hannu. A 1979 wata mai kamfanin faifai, Sylvia Robinson, ta tattara samari uku a jihar New Jersey, ta sa musu suna Sugarhill Gang, suka yi waƙar Rapper's Delight mai tsawon kusan minti 15. Ta karɓu a ƙasashe da yawa. Mutanen Bronx kuwa suka ji haushi, domin ba su san samarin ba, ɗaya daga cikinsu ma baitocin Grandmaster Caz ya rera, ba a ko ambaci mai su a kan faifan ba. A 1982 aka fitar da The Message da sunan Grandmaster Flash da Furious Five, wadda ta bayyana wahalar zaman talaka a birni filla-filla. Daga nan aka gane rap yana iya ɗaukar magana mai nauyi.

Amma faifai murya kaɗai yake iya ɗauka. Ba ya ɗaukar rawa, ba ya ɗaukar zane. Saboda haka mai magana ya koma gaba, mai sa faifai ya koma baya, sauran biyun suka koma gefe. Abin da ya iso kunnen yaranmu ginshiƙi ɗaya ne daga cikin huɗu, shi ma bayan ya bi ta hannun 'yan kasuwa.

A tsakiyar shekarun 1980 wata muguwar ƙwaya mai suna crack ta mamaye unguwannin talakawan Amurka, bindigogi suka yawaita. Daga wajen Los Angeles wani salo ya taso mai ba da labarin 'yan daba, ƙungiyar N.W.A ce kan gaba. Masu yinsa sun ce abin da suke gani suke faɗa, akwai kuwa gaskiya a ciki, musamman kan zaluncin 'yan sanda. Sai dai kamfanoni suka ga kisa, da zagin mata, da fahariyar kuɗi suna sayuwa ƙwarai, har a wurin 'ya'yan masu hali da ba su taɓa taka irin unguwannin ba, sai suka zuba jari a nan. Gāba ta tashi tsakanin mawaƙan gabas da na yamma. Aka harbe Tupac Shakur a watan Satumba na 1996 yana da shekara 25, aka harbe Notorious B.I.G. a watan Maris na 1997 yana da shekara 24.

Ba a yi shiru ba. A 1989 KRS-One ya tara mawaƙa suka yi waƙar yaƙi da kashe-kashe tsakanin baƙaƙe. A 1993 Queen Latifah ta yi waƙa tana tsawata wa masu zagin mata. A shekarar nan kuma Rabaran Calvin Butts na majami'ar Abyssinian Baptist a unguwar Harlem ya tara faifaye masu batsa, ya kawo motar daɓe hanya domin a murƙushe su. Matasa suka tare motar, sai ya kwashe faifayen ya zube su a ƙofar ofishin wani babban kamfanin faifai, domin ya nuna inda laifin ya fi nauyi. Kurtis Blow, ɗaya daga taurarin farko, daga baya ya zama mai hidimar bishara, yana cikin waɗanda suka kafa sujada da kiɗan hip hop a Harlem. A 2013 mawaƙin rap Lecrae ya ci lambar Grammy ta faifan bishara. A 2017 lissafin kasuwa ya nuna hip hop haɗe da R&B ya zama kiɗan da aka fi ji a Amurka, a 2018 kuma Kendrick Lamar ya karɓi lambar Pulitzer ta kiɗa.

A nahiyarmu ma ya yi saiwa. A Senegal mawaƙan rap da 'yan jarida suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre a 2011, suka zuga matasa su yi rajista su jefa ƙuri'a. A Jos ne M.I Abaga da Ice Prince suka tashi. Yau kuma ana rap da Hausa a Kano, da Kaduna, da Yamai.

To, mu fa?

Tun da yake ganga ɗaya ce ke ɗauke da mai kuka kan zalunci, da mai yabon Allah, da mai tallar ƙwaya da fasikanci, bugun gangar ba zai gaya mana kome ba. Tilas mu kai ga maganar. Ga abin da muka gwada a aji, muka ga yana da amfani. A ce wa yaro ya zaɓi waƙar da ya fi so, ya rubuta kalmominta, sa'an nan ya juya su zuwa Hausa ya karanta a gabanmu. Da yawa sukan rera abin da ba su fahimta ba. Idan ya kai wani layi ya kāsa faɗarsa a gaban uwarsa, ba sai mun yi dogon faɗa ba, shi da kansa ya yanke hukunci. Idan kuwa waƙar tana da ma'ana, mu amsa cewa tana da ita, domin yaro ya san muna yi masa adalci.

Sa'an nan mu tambaye shi: Me waƙar nan take cewa game da mace? Me take cewa game da kuɗi? Me take cewa a yi wa maƙiyi? Wa ke cin riba in ka gaskata ta?

Idan kuma muna da yaro mai haɗa baitoci a bayan littafinsa, ko mai zane, ko mai kwance rediyo ya ɗaura, kada mu raina. Baiwa ce, tana bukatar mai bi da ita. Mu karanta abin da ya rubuta, mu ba shi bango ko allo inda zai yi zane da izini, mu ba matasa zaure da lokacin tashi, babba kuma yana kusa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu tuna cewa bikin nan na titin Sedgwick, a benen da iyalin ke zaune aka yi shi, da sanin iyaye, domin wata yarinya ta koma makaranta da sababbin tufafi.